Ka San Tsayin Motarka Kafin Gada Ta Auna Maka

Ɗana, labari ya iso ni cewa ubangidanka ya damƙa maka makullin tirela, ka tashi daga yaron mota ka zama direba. Allah ya sanya alheri, ya tsare gabanka da bayanka. Na san waɗanda suka koya maka tuƙi sun ja maka kunne a kan birki da gangara, da barcin da ke satar direba gab da asuba, da tayar da ta gama cin ƙasa. Ba zan maimaita maka su ba. Abin da nake so mu tattauna shi ne wanda ban cika jin ana koya wa yara a tasha ba, wato abin da ke saman kanka.

Idon direba a ƙasa yake. Rami yake dubawa, da ɗan acaɓan da zai faɗo masa ba sallama, da akuya, da mai a-daidaita-sahu. Madubi yana nuna masa hagu da dama da baya, amma babu madubin da ke nuna masa sama. Matar da ta ɗauko itace a ka, in ta iso ƙofar zaure ba sai an ce mata ta rusuna ba, wuyanta ne ke faɗa mata inda kayan suka tsaya. Kai kuwa kana zaune a kujera, kayan suna bayanka, sun zarce rufin kan mota, ba ka jin nauyinsu ko tsayinsu a jikinka. Kan mota zai shige ƙarƙashin gada lafiya lau, zuciyarka ta ce maka an wuce, sannan ƙarar ta biyo baya.

Za ka ji tsofaffin hannu suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwar hatsi haka ne. A bakin gada kuwa ban yarda da wannan magana ba, domin abin da ke raba wucewa da karo wani lokaci bai fi faɗin yatsu uku ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Wane ido ne zai tantance yatsu uku daga nesa, a cikin wannan gudu, da dare, fitilun wasu suna dukan gilashi?

Kada kuma ka ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai, na rashin allon hanya ko ƙarancin karatu. A birnin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wata gadar jirgin ƙasa da ta ratsa saman titin Gregson. An gina ta a 1940, lokacin da manyan motoci ba su kai girman na yanzu ba, kuma tazarar da aka bari tsakanin kwalta da cikinta ƙafa 11 ce da inci 8, wato mita 3.56. Mutanen garin suna kiranta mabuɗin gwangwani, saboda yadda take feɗe rufin mota tun daga goshi har baya. Wani mutum da ofishinsa ke fuskantar gadar ya kafa kyamara a 2008, kafin a cika shekara goma ya ɗauki hoton karo fiye da ɗari a wannan wuri ɗaya.

Ka saurari abin da hukumomin garin suka yi, don a nan darasin yake. Sun jera alluna tun daga nesa. Sun sa fitilu masu walƙiya. Masu layin dogo suka gitta wani ƙaton ƙarfe a gaban gadar, shi kuma ba don ya ceci mota aka sa shi ba, don ya karɓi dukan ne a madadin gadar. Aka yi tunanin a haƙe titin a zurfafa shi, sai ga babban bututun ƙazamin ruwa na gari kwance a ƙarƙashinsa, taɓa shi aiki ne mai tsada da rufe hanya na tsawon lokaci. A 2016 suka kawo na'urar da ke auna mota tun kafin ta iso. In ta ga mai tsayi sai ta kunna rubutu mai haske cewa dole wannan mota ta kauce, ta kuma mayar da danja ja don direba ya tsaya ya samu lokacin karantawa. Me ya faru? Wasu suka taka mai don su riga danjar. Wasu suka tsaya, suka zuba wa rubutun ido, kowa yana zaton da wani ake, da aka ba su hannu suka miƙe cikin gadar. A ƙarshe, a 2019, aka ɗaga gadar gaba ɗaya da inci 8, ta koma ƙafa 12 da inci 4. Ba a yi nisa ba wata motar ta sake goga mata rufi.

Yawancin motocin da gadar nan ta ci na haya ne, irin waɗanda mutum ke karɓa na yini guda don ya kwashe kayan gida. Wanda ke riƙe da sitiyarin ya saba da ƙaramar mota, kullum yana bin wannan titi ba abin da ya taɓa samunsa, don haka idonsa ya daina ganin allon tun da daɗewa. A lokacin allo yana cewa ƙafa 11 da inci 8, amma wannan lamba ba ta da amfani ga wanda bai san tasa lambar ba. Da me zai gwada ta? Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka a rai. Duk wata dabara da aka ƙirƙiro, tun daga allo har na'ura, taimako ce ga direban da ya riga ya san tsayin motarsa. Wanda bai sani ba, ko da wuta aka rubuta masa gargaɗin wucewa zai yi. A birnin Sidni na Ostareliya abin ya ishe su har suka sa labulen ruwa a bakin hanyar da ta bi ta ƙarƙashin tashar jiragen ruwa: in mota mai tsayi ta bijire wa duk gargaɗin farko, sai ruwa ya zubo daga sama ya rufe ƙofar, a haska ƙatuwar alamar tsayawa a jikinsa, a tsakiyar hanya inda direba ba shi da damar cewa bai gani ba. Dabara ce mai kyau, amma ka duba irin nisan da aka je kafin a samu hankalin mutum ɗaya.

A Birtaniya, kamfanin Network Rail mai kula da layin dogo ya taɓa lissafa kusan karo 1,800 na mota da gada a shekara guda, wato wajen biyar kowace rana, a ƙasar da duk gadar da ba ta kai ƙafa 16 da inci 6 ba sai an rubuta tsayinta a jiki. Doka ɗaya tasu ce ta burge ni, kuma ba ta buƙatar kuɗin gwamnati: duk motar da ta wuce mita 3 dole a rubuta tsayinta a cikin kan mota, inda idon direba zai riƙa sauka a kai. Wannan kam ba sai an kafa maka doka ba, kai ma za ka iya.

Ga yadda za ka yi. Bayan an gama lodi, an ja tamfol, an ɗaure igiya, ka tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa. Yaronka ya hau ya gitta miƙaƙƙiyar gora a kan wurin da ya fi ko'ina tudu, bakinta ya leƙo gefe, kai kuma ka ja tef daga bakin gorar zuwa ƙasa. Abin da ka samu ka ƙara masa taƙi guda saboda tsalle-tsallen hanya, ka rubuta a kwali da manyan lambobi, ka manna kusa da sitiyari. Ka rubuta da mita, ka rubuta da ƙafa, domin wani allon da wannan yake magana, wani da wancan. Mita 4 ƙafa 13 ce da inci ɗaya da rabi. Mita 4.5 kuma ƙafa 14 ce da inci 9. Ba a bakin gada ake wannan lissafi ba, mota tana gudu ana danna maka oda a baya.

Kada ka ce ai ka auna jiya. Tsayin mota ba abu ne tsayayye ba. Motar da aka sauke wa kaya ta fi mai kaya tsayi, don sifirin ya saki ya ɗaga bodi, shi ya sa gadar da ka shige da siminti za ta iya kama ka a dawowa kana fanko. Sababbin tayoyi suna ƙara maka. Canjin kai ko canjin bodi yana ƙara maka ko ya rage. Kwantena ma iri biyu ce da ido ba ya saurin rabewa: ta yau da kullum ƙafa 8 ce da inci 6, doguwar kuma ƙafa 9 da inci 6, ƙafa guda cif a tsakaninsu. Doguwar takan zo da zane mai ratsin rawaya da baƙi a kusurwoyinta na sama, ka riƙa ɗaga kai kana dubawa kafin ka sa hannu a takarda. Kayan da ba su da nauyi su ne mugaye, irin su katifa, da robobi, da tankunan ruwa, da harawa, da buhunan gawayi. Mota ba ta ji su ba, masu lodi kuma da yawan kaya ake biyansu, saboda haka sai su yi ta jerawa sama har sai igiya ta ƙare. Kai ne za ka ce ya isa. In ka bar wa ɗan kamasho wannan hukunci, ka tuna shi a tasha zai kwana.

In Allah ya kai ka ga tuƙa tifa, kada ka motsa daga wurin juye yashi sai ka waiwaya ka ga bodi ya kwanta da idonka. In katafila aka ɗora maka, hannunta ne abin tsoro: a kwantar da shi iya kwanciyarsa, a ɗaure da sarƙa, sannan a auna. A 2025 wata babbar mota da ta ɗauko katafila ta bugi gadar sama a Keffi ta jihar Nasarawa, wani sashe na gadar ya rufto. Rufin mota in ya gamu da gada shi ne ke yagewa. Hannun katafila ƙarfe ne da aka ƙera don fasa dutse, in ya gamu da gada ita ce ke karyewa, kuma akwai mutane a samanta da ƙarƙashinta.

Ita ma gadar, lambar da ke jikinta ba koyaushe take faɗin gaskiyar yau ba. Duk sanda aka shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa ba tare da an kankare ba, titi ya tashi, tazara ta ragu, allo kuma yana nan da tsohon rubutunsa. Gadar ƙasa tana da nata makircin. Titi yana gangarawa ya sake haurawa, doguwar tirela kuma ba ta lanƙwasa ta bi kwarin. Lokacin da kan mota ya fara hawa, tayoyin baya ba su gama sauka ba, sai tsakiyar bodi ya zama a rataye sama da inda gajeriyar mota za ta bi. Motoci biyu masu tsayi ɗaya, gajeriya ta wuce, doguwa ta maƙale. Don haka ganin wani ya shige a gabanka ba hujja ba ce.

Akwai kuma gadar da tsakiyarta ya fi gefenta tsayi. A ranar 23 ga Mayu 2013, a kan kogin Skagit na jihar Washinton a Amurka, wata tirela ɗauke da dogon kaya ta hau wata gadar ƙarfe mai rumfa a sama. Tana da takardar izini, tana kuma da motar rakiya a gaba mai ɗauke da sandar awo. Amma ƙarafunan rumfar a lanƙwashe suke, sun fi sauka ta gefen titi, tirelar kuma ta gefen ta bi, wata babbar mota tana wuce ta ta hagu. Kayan suka bugi ƙarafunan, sashe guda na gadar ya faɗa ruwa da motoci biyu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Masu bincike suka gano mai tuƙa motar rakiyar tana kan waya a lokacin, tirelar kuma ta matso ta sosai, ko da an yi gargaɗi babu filin tsayawa. Na kawo maka wannan ne saboda ranar da za ka sa yaronka ya sauka ya duba maka. Ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ya ajiye waya, ku yi yarjejeniya tun farko a kan alamar tsayawa, kai kuma ka shiga da giya ta ɗaya, ƙafarka a kan birki. In ya ɓace maka a madubi, tsaya.

Garuruwanmu sun canza. Kano da Kaduna da sauran manyan birane sun cika da gadojin sama da na ƙasa da na masu tafiya a ƙafa, waɗanda ba mu san su ba a zamaninmu. Hanyar da ubangidanka ya haddace yana saurayi ba ita ce ta yau ba. Wani wurin akwai allo, wani wurin fastocin 'yan siyasa sun rufe shi, wani wurin an gitta ƙarfe a gaba amma wata motar ta riga ta tumɓuke shi ba a mayar ba. Ga wayoyin lantarki da suka saki suka yi ciki a cikin unguwanni, waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta tsayinsu. A lurar da na yi, ba a hanyar da direba ya saba abin ke faruwa ba. Ranar da aka rufe hanya aka karkatar da motoci ne, ko ranar da cunkoso ya ishe shi wani ya ce masa akwai yanke ta cikin gari. Kafin ka shiga garin da ba ka sani ba, ka tsaya a tasha ka tambayi direban da ke tuƙa irin motarka. Kada ka tambayi mai ƙaramar mota, shi ko'ina hanya ce a wurinsa.

Taswirar da ke cikin wayarka ma ta mai ƙaramar mota ce. Hanya mafi kusa take nema, ba ta san abin da ka ɗauko ba. A watan Satumba na 2010, kusa da birnin Sirakus a jihar Niyok, direban wata bas mai hawa biyu ya ɓace hanyar tasha da dare, ya koma bin na'urarsa ta nuna hanya, ta kai shi titin da gadar jirgin ƙasa mai ƙafa 10 da inci 9 ta gitta. Fasinjoji huɗu suka mutu.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ta fi damuna. Mun saba ganin tirela ta taso daga kasuwar shanu ko ta hatsi za ta kudu, mutane jere a saman kaya, wasu a zaune, wasu a kwance. Na san dalilin, kuɗin mota ya yi tsada, direba ma yana samun na cefane. Amma mutumin da ke zaune ya ƙara wa motarka kusan mita guda, kuma ba ya cikin lambar da ka rubuta a kwali. Kaya in sun bugi gada ana biya. Wanda ya miƙe tsaye cikin duhu don ya gyara zama, ko ya juya baya yana hira, ba shi da ko daƙiƙar sunkuyawa. Jami'an kiyaye haɗurra sun hana haɗa mutane da kaya, amma ba don tsoronsu nake roƙonka ba. Kai ne za ka je gidan mamacin, ko ka kasa zuwa. Za a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma mun yi imani da ƙaddara, sai dai malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana nufin barin sababi ba.

Ƙarfen da ake gittawa kafin gada, kada ka raina shi, kada kuma ka ɗauke shi ma'aunin da za ka gwada kanka da shi a guje. A watan Yuni na 2019, a ƙarshen hutun ƙaramar salla, wata bas da ta taso daga Maskat ta ƙasar Oman ta bi layin da ba na manyan motoci ba a Dubai, ta daki irin wannan ƙarfe, mutum 17 suka rasu. In da masu hukunci za su ji ta bakina, da na ce a fara rataya abu mai laushi tun daga nesa, sarƙoƙi ko robobi da za su yi ƙara a kan rufi su farkar da direba, a kuma sa shi kafin mararraba ta ƙarshe inda babbar mota ke da wurin juyawa. Gargaɗin da ya zo bayan an wuce mafita wahala kawai yake ƙarawa. Wannan magana ce da ya kamata ƙungiyoyin direbobi su riƙa kai wa ma'aikatar ayyuka, tare da neman a sake auna kowace gada bayan an yi wa titinta kwalta.

To, a ce duk da haka ka tsinci kanka a bakin gada, zuciyarka tana wasiwasi. Tsaya. Kunna fitilun gargaɗi, ka sauka. Na san abin da zai biyo baya, za a cika ka da oda, za a zage ka, wani zai leƙo ta taga ya ce direban ƙauye ne. Wani mai son taimako zai ce, “Shiga kawai, za ta wuce, jiya ma wata ta wuce.” Ba shi zai biya ba. Ka nemi jami'in hanya ko mutanen wurin su tare maka motoci, ka yi ribas a hankali ko da zai ci rabin awa. Kunyar ribas ce ke tura yawancin yara cikin gada, sai kuma tsoron wayar mai kaya da ke tambayar me ya tsayar da su. Akwai masu sace iskar taya don mota ta sauka. Wannan dabara ce ta ciro motar da ta riga ta maƙale, abin da take ragewa kaɗan ne, kuma tafiya a kan tayar da ba iska da kaya masu nauyi wata masifar ce. Kada ka mai da ita hanyar wucewa.

In kuwa ƙaddara ta faɗa ka taɓa gadar, ko gogawa ce, kada ka gudu don ka ga mota tana tafiya. Cikin bim ɗin kankare akwai wayoyin ƙarfe da aka ja aka ɗaure, su ke riƙe da nauyin duk abin da ke bi ta sama, in wasu sun tsinke ba lallai ido ya gane daga ƙasa ba. In gadar jirgi ce, ɗan gocewar da dogo zai yi ya isa ya kayar da jirgi. Shi ya sa a Birtaniya suke manna faranti a jikin gadojin jirgin ƙasa mai ɗauke da lambar gadar da lambar waya, da an kira sai a tsayar da jirage ko a rage musu gudu har injiniya ya zo ya duba. Mu nan ba ko'ina za ka samu wannan ba, saboda haka ka fara duba ko wani ya ji rauni, ka hana mutane tsayawa a ƙarƙashin wurin da ya fashe, ka sanar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra mafi kusa, sannan ka kira ubangidanka. Ka faɗa musu daidai inda kayan suka daka, ka nuna musu da hannu, domin wanda zai zo dubawa ya san bim ɗin da zai fara hawa.